Ranar da Na Kai Ta Cire Haƙori

Ƙarshen damina ne, gero ya fara nuna. Shekarar ruwa ya yi yawa, katangarmu ta zube sau biyu, ni kuwa kullum sai in tashi jikina kamar an yi mini duka. Ana cikin haka ciwon haƙori ya kama 'yata ta biyu, mai farfaɗiya. Shekararta goma sha tara. Mun yi kanumfari, mun yi ruwan gishiri, kumatu sai ƙara hawa yake.

A Maruta kowa ya san lalurarta. In ta faɗi sai mutane su ja da baya, wai duk wanda yawunta ya taɓa ya ɗauka. Ni na haife ta, amma ban taɓa ƙaryata su a raina ba. Shi ya sa da muka hau motar Birnin Kudu na ja mata kunne.

"Kada ki ce komai. In likita ya ji, ba zai sa hannu a bakinki ba."

Na kuma taɓa jin cewa asibiti ba a zuwansa da abinci a ciki, sai na hana ta karyawa. Maganinta na safe kuwa sai ta ci take sha. Muka baro shi a gida.

Layi bai zo kanmu ba sai wajen azahar. Nas ɗin ta ɗauko takarda.

"Inna, tana da wani ciwo? Tana shan magani?"

Na yi ajin yaƙi da jahilci, ina iya karanta gurbin da za ta rubuta. Na ce, "Babu."

Ta hau kujera, aka haska mata fitila. Likita bai gama zuƙar allura ba na ga idanunta sun kafe. Jikinta ya sandare, ta fara jijjiga. Na dunƙule bakin mayafina zan cusa mata a baki don kada ta ciji harshe.

"Kada ki sa mata komai a baki!" in ji likita.

Ya ture kayan aikinsa, ya kwantar da kujerar, yana duban agogo. Da jijjigar ta lafa suka juya ta gefe. Nas ɗin tana goge mata baki, yawu ya gangaro mata har gwiwar hannu.

"Hajiya, wanke maza, ana ɗauka!"

"Haba Inna! Da ana ɗauka ai da tuni kin same ni a ƙasa. Ciwon a ƙwaƙwalwa yake."

Da yarinyar ta farfaɗo likita ya dube ni. "Ta ci abinci? Ta sha maganinta?"

Na sunkuyar da kai na faɗa masa komai. Bai yi faɗa ba. Ya ce yau ba zai cire ba. Ya rubuta maganin kumburi, ya ce mu dawo Litinin da sassafe, ta ci ta sha maganinta, in zo da kwalinsa, ita zai fara gani.

"Likita, za ka taɓa ta kuwa?"

"To Inna, ɗazu wa na taɓa?"

Muka koma gida da haƙorinmu, tana barci a kafaɗata.

Washegari na dama koko, na ba ta maganinta. Ta sha rabi ta ture kwanon, haƙorin ya hana ta. Shekara da shekaru ragowarta a bayan ɗaki nake zubarwa, kada ƙannenta su sha. Na daɗe riƙe da kwanon. Sannan na yi bisimilla na shanye.