Mai Gyaran da Ya Hana a Kashe Kwamfuta

Kafin a buga ƙararrawar makaranta ya iso, jaka a kafaɗa, ya bi ofis-ofis yana hure ƙura daga bayan kwamfutoci yana yi musu faɗa kamar jikokinsa. Malamai suna ce masa Baba Mai Gyara. Wannan watan zai ajiye aiki, kuma wallahi ranmu bai so ba.

Kowa a makarantar magani ɗaya ya sani: in kwamfuta ta yi gardama, a kashe a kunna. Shi kuwa sai ya duba tukuna.

Ku tambayi sakatariya. Mako guda ta yi tana shigar da sakamakon jarrabawar yara, ba ta da kwafi ko'ina. Ana gobe rabawa kwamfutar ta yi nauyi, sai ta saka mata manhajar share tarkace. Manhajar ta ce a kashe a kunna. Har ta kai yatsa, Baba ya leƙo.

"Tsaya, 'yata! Me ta ce za ta share?"

"Oho, Baba, tarkace mana."

Ya ja kujera. Ya ce abin da yake buɗe ba ya sharuwa nan take, sai kwamfuta ta sa shi a layi, da an sake kunnawa ta yi gaba da shi. Ya buɗe layin, ga fayil ɗin sakamako a ciki tsamo-tsamo. Sakatariya ta dafe ƙirji tana salati.

Sai kuma aka ɗauke wuta! Batirin da ke riƙe da kwamfutar ya fara kuka, in ya mutu ta mutu, fayil ɗin kuma shi kenan.

"Maigadi, janareta!" in ji sakatariya, ta fita a guje ba takalmi.

Baba ko gezau. Ya kwafe fayil ɗin a filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ya cire shi daga layin, ya bar tarkacen gaske su tafi. Da ta dawo tana haki ya ce, "'Yata, shayina fa ya huce."

Kai ne mai sanyin hannu, Baba. Kai ne ba ka taɓa kunyata wanda ya yi kuskure ba, sai ka zaunar da shi ka nuna masa. Masu tasowa, ku yi koyi da wannan haƙuri.

Washegari yara suka karɓi sakamako suna tsalle, suka wuce ka a bakin ƙofa, ba wanda ya san abin da ka yi musu. Mu mun sani, Baba. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai daɗi.