Ciwon ƙirji da sunan ɗan farina

Ina tsakar gida ina ɓarar masara na ga ƙanin mijina ya shigo yana tura babur ɗin yaron, fitilarsa a fashe. Bai hau ba, turawa yake. Tun kafin ya buɗe baki na gane.

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun wannan ranar ban ƙara rubuta komai a nan ba. Masu tambaya ta, ku yafe mini.

Ɗan farina ne. Mota ta buge shi yana dawowa daga kasuwar Bakori.

Kun san yadda muke a Tsiga. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane. A hannun uwar mijina ya tashi. Ni "yaron nan" nake cewa, shi kuma ya ce mini Yaya. Ranar zaman makoki ita aka zagaye ana ba haƙuri, ni ina kai wa baƙi ruwa. Mata suna cewa, "Kai, Binta akwai tawakkali."

Bayan sadakar arba'in ƙirjina ya fara nauyi. Abinci ya ƙi shiga. Kullum la'asar sai in ji ƙarar babur ya tsaya a ƙofar gida, in leƙa, babu kowa.

Na sha rubutu, an yi mini tofi. Daga baya aka kai ni asibiti Funtua. Yankan kati, bin layi, awon jini, hoton ƙirji. Har wasu wayoyi aka manna mini a jiki. Buhun masara ya tafi a nan. Na ɗauka mutuwa zan yi.

Likitan ya ce, "Mama, na'ura ba ta ga komai ba. Me ya faru a gida?"

Mijina na tsaye a kaina. Na ce babu komai.

Ƙanwata Hajara, malamar makaranta a Malumfashi, ita ta sa mini wata manhaja a waya, inda ake magana da masu ba da shawara kan damuwa. Na ce, "Ke Hajara, haukacewa na yi?" Ta ce, "Da kin haukace ai da igiya zan zo, ba da waya ba."

Mai shawara ta farko Turanci take yi, ni kuwa firamare na tsaya. Muka canza. Ta biyu Bahaushiya ce. Kira yana yankewa in ba bayan rumbu na tsaya ba, ga mutane na wucewa, don haka muka koma rubutu.

Wata rana, bayan na ba ta labarin yaron, ta rubuto, "Yaya sunansa?"

Na kife wayar. Sai da mako ya zagayo na ɗauka na rubuta: Sagir.

Ban taɓa ganin sunan ya fito daga wurina ba. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi.

Mai shawarar ce ta matsa mini na koma asibiti ni da Hajara, na faɗi gaskiya, aka ba ni magani. Yanzu ina ci, ina barci. Babur ɗin ya rage zuwa.

Abin ba na kowa ba ne. Maƙwabciyata ta gwada ta bari, don waya ɗaya suke riƙewa da mijinta, yana karantawa. Abin kuma yana cin kuɗi da data. Amma idan kina da wayarki, kina iya rubutu, kuma bakinki yana nauyi a gaban mutane, ki gwada. Ki nemi mai jin Hausa, ki tambayi shaidar aikinta. Wadda ta daina cin abinci gaba ɗaya, ko take tunanin cutar da kanta, a kai ta asibiti yau, kada a jira waya.

Na gode wa Allah. Na gode wa Hajara, da baiwar Allahn da ban taɓa ganin fuskarta ba. Ku sa yaron nan a addu'a.

Mai shawarar ta ce in gwada faɗin sunan da baki, ko ni kaɗai a ɗaki. Har yau ban iya ba.