Injin da Bayansa Zai Iya Ɗauka

Ranar da gadon bayan Mai Walda ya ƙi shi, an tashi da yayyafi ne tun safe, irin wanda ba ya ƙaruwa kuma ba ya ɗaukewa. Garmar tarakta ce ta tsage a wata gona, aka turo mota ta ɗauke shi. Direban taraktar ƙanin matarsa ne. Su biyu suka kama tsohon injin waldar za su sauke, ƙafarsa ta zame, ya ji wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa. Bai yi ihu ba. Ya zauna cikin taɓo ya ce a ba shi minti biyu. Minti biyun nan wata uku suka zama a kan katifa.

Ya haura shekara talatin a sana'ar. Yana da 'yar rumfar kwano a bakin titi, amma abincinsa a waje yake: garma, baro, ƙofar garke, bututun injin ban ruwa, duk abin da ya karye inda ba a iya kawo shi gari. Aikin ƙofa da taga kuwa matasa sun kwashe. In ya daina fita, ya daina walda ke nan.

Likita ya ce kada ya ƙara ɗaga abin da ya fi bokitin ruwa.

"To, Malam, ka dai ji," in ji matarsa. "Ko ka nemi ƙaramin inji, ko ka zauna ka taya ni shanya."

Sai ya shirya a ransa zai sayi wanda zai ɗaura a babur, ya riƙa aiki da duk ƙaramin janaretan da ya tarar a gona. Ya tafi shagon kayan aiki. Injunan na jere a kan kanta, wasu ba su fi jakar hannu ba. Shi kuwa tun yana koyo ubangidansa ya ce masa inji da nauyi ake gane shi, don nauyin nan wayar jan ƙarfe ce a ciki. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa, kamar mai tayin kaza.

"Baba, wane irin janareta za ka sa masa?" mai shago ya tambaya. "Kuma tsinken waldar da kake ƙonawa, mai wane kauri ne?"

"Ɗana, ina walda ba a haife ka ba. Miƙo min wancan."

Wanda ya fi duka nauyi ya ɗauka. Sai da ya huta sau biyu kafin ya kai shi kan babur, bai gaya wa kowa ba.

Aikin farko, ƙugiyar tirela ce ta cire a wata gona, ƙanin matar tasa na wurin. Aka tayar da janareta. Ya ɗora tsinke a kan ƙarfe, tsinken ya manne, janareta ya yi tari ya mutu. Ya fizge, aka sake tayarwa, ya sake mannewa. Har sau huɗu. Injin ya fi ƙarfin wutar.

"Mijin Yaya, walda kake yi ko kamun kifi?"

Gumi na bin wuyansa, ƙugun na zugi. Mai gonar ya duba rana, ya duba buhunan da ke jiran tirela, ya ce a hankali, "Baba, ko in kira wani ne?"

Wannan maganar ta fi zamewar ƙafar ciwo. Ya ce a yi masa haƙuri zuwa gobe.

Da ya koma shagon, mai shago bai yi dariya ba, kujera ma ya jawo masa. Wannan karon Mai Walda ya amsa duk abin da aka tambaye shi. Aka sauko da wani ɗan mitsitsi mai igiyar ratayawa a kafaɗa. Ya ce shi fa sai ya ji muryarsa. Suka zaga bayan shago, aka haɗa shi da ƙaramin janareta, aka kawo guntun ƙarfe biyu. Ya ja tsinken a hankali, kunne a karkace. Ƙarar ta fito sumul, kamar ƙwai a cikin mai. Ya ƙwanƙwashe ɓawon da ya rufe waldar, ya daɗe yana kallon ɗinkin.

"Ba laifi," ya ce.

Lambobin jikin injin ba ya ganinsu sosai, sai ya ari ƙusa ya karci inda maɓallin ya tsaya.

"In ya yi zafi zai kunna jar fitila ya tsaya," in ji mai shago. "Kada ka matsa masa, ka bar shi ya huce."

"Ashe tafiyarmu za ta zo ɗaya."

Washegari ya ɗinke ƙugiyar. Sau biyu jar fitilar ta kama, sau biyu ya zauna a gefen tirela yana murza gwiwa, ƙanin matarsa na cewa yau ga tsofaffi biyu sun haɗu. Aikin da a da yake gamawa cikin rabin sa'a ya ci masa hantsi guda. Amma tirelar ta tashi da kayanta, kuma ba a kira wani ba.

Manyan ayyuka sun wuce shi, ya sani, ƙarfe mai kauri sai ya ce a kai wa matasa. Yanzu kwana uku yake fita a mako, gonakin kusa kawai. Sauran kwanakin yana rumfarsa a bakin titi.