Jakin da Ake Hana Ci Ranar Kasuwa

A gidanmu na Kurawa, in an ci tuwo bayan magariba a lokacin sanyi, ɗakin Iya muke taruwa. Iya ita ta haifi babanmu. Takan hura wutar karan dawa a tsakar ɗaki, ta miƙe ƙafafu, mu jikoki mu kewaye ta har da 'ya'yan maƙwabta. Ba ta da haƙuri da mai surutu, amma tatsuniya a bakinta ba ta ƙarewa.

Shekarar da nake aji shida na firamare na fara jinin al'ada, ya zo mini da ciwon mara mai tsanani. Kunya ta hana ni faɗa wa kowa. Ƙawayena suka ce mini ci shi ke ƙara jini, saboda haka in abin ya zo sai in daina cin abinci, in wuni ina tsotsar alewa, ina lasar kanwar da suka ba ni. Kowane wata sai na kwanta kwana uku, kaina na juyawa, ban je makaranta ba. Wata rana na ji Baba yana ce wa Inna, mahaifiyata, yarinyar da ba ta da lafiya haka ba zai tura ta makarantar kwana a Isa ba. Na yi kuka a ɓoye, domin ba abin da nake so kamar karatun nan.

Ran nan a ɗakin Iya ina zaune a bayan yara, na dunƙule na riƙe ciki, tuwona kuma na tura wa ƙanena. Iya ta dube ni sau ɗaya ta kau da kai. Ta ce, "Ku matso, ga wata ta taho, ba ku taɓa jin ta ba."

Wai wata yarinya ce mai jaki. Kullum yana ɗauko mata ruwa lafiya lau, amma ranar kasuwa kayansa ninki biyu ne. Sai ta yi dabara, a ganinta cikin da ya cika nauyi ne. In kasuwa ta zo sai ta hana shi harawa, ta hana shi ruwa, ta ba shi guntun rake don ya ji zaƙi. Ba su kai rabin hanya ba sai jaki ya durƙushe yana nishi. Ta dake shi, ta zage shi, ta ce an yi masa sammu. Iya ta kwaikwayi nishin jakin har ƙannena suka faɗi don dariya. Daga ƙarshe wata tsohuwa mai tallan nono ta iske su, ta dama dusa da ruwan ɗumi, ta zuba masa harawar wake. Jaki ya ci, ya huta, ya tashi ya kai kaya.

Yara suka watse suna ta kukan jaki. Na miƙe, sai Iya ta ce, "Ke Hadiza, tsaya nan. Mi kinka ci yau?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Alewa."

"Jiya hwa?"

Na ƙara sunkuyar da kai.

"Wa yac ce maki ki bar ci?"

Ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Na faɗa mata komai, har da kanwar. Na ɗauka faɗa za ta yi, sai ta jawo ni jikinta. Ta ce, "Ɗiyata, wanga ba ciwon mutuwa ba na. Amma abin da ka hita jikinki, da mi za ki maida shi in ba ki ci ba? Kanwa kuwa ki bar ma miya abinta. Gobe za ni dama maki kunu." Sai na ji kamar an sauke mini buhun gero daga kai.

Da safe ta dama mini kunun gero da citta da kanumfari, ta tsaya a kaina har na shanye da ɗuminsa. Da rana wake da zogale, gishiri kaɗan. Ta hana ni alewa a kwanakin, ta ce in yi ta shan ruwa. Ranar kasuwar Sabon Birni ta sa Baba ya sayo hanta, ta ce ita ke marmari, alhali haƙoranta huɗu ne. Ni na cinye.

Ciwon bai tafi gaba ɗaya ba, har yau yakan taɓa ni. Amma jirin ya daina, murɗawar ta ragu. Wata na gaba rana ɗaya na kwanta, na bayansa ban yi fashin makaranta ba. Baba bai san abin da ya faru ba, ya dai ga na miƙe. Da damina ta wuce shi da kansa ya ɗaure akwatina a bayan babur ya kai ni Isa.

Daga baya na san akwai ciwon marar da abinci ba ya yi wa magani, sai an je asibiti. Nawa yunwa da kunya ne suka ƙara masa ƙarfi. Na daɗe ina ɗauka darasin daren nan a kan kunu da wake ya tsaya, sai bayan na yi aure na gane ba haka ba ne. Na kai mata ziyara, ta tsufa ƙwarai, na tambaye ta wa ya koya mata tatsuniyar.

Ta yi dariya ta ce, "Nan take niƙ ƙirƙire ta, da nig ga kin tura ma ƙanenki tuwo." Sannan ta ce, "Ni ma na yi shekara tara ina kwana da yunwa kowane wata, gida cike da mata, ba wadda tat tambaye ni ko na ci."