Baba Mai Inji da Farar Rigarsa ta Ƙarshe

Kafin tela da mai aski su gama share ƙofar shagunansu, Baba Mai Inji ya riga ya ɗaga tasa. Abu na farko da yake yi kullum shi ne ya murɗa famfo ya ga ko ruwa ya zo. Daga nan ya jera sifanoninsa a kan benci, babba zuwa ƙarami, ya ɗauki kofin shayinsa ya bi layin injinan wankin da aka kawo masa yana duba su ɗaya bayan ɗaya. Ba ya kwance inji sai ya saurare shi tukuna. Yakan dafa bakin sukudireba a jikin injin, ya kara ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Duk wanda ya yi masa magana a wannan lokacin, da bango yake yi.

A ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Bayansa ya ce ya gaji, kuma duk taurin kan mutum ba ya jayayya da bayansa. Shi ya sa ya kamata a faɗi wani abu a kansa tun yana ji da kunnensa, don mu mun saba ajiye yabo sai mai shi ya yi nisan da ba zai ji ba.

Kowa a layin ya san rigunansa. Babu wadda hannunta ya kai wuyan hannu. Wata ta tsuke ta koma kamar ta ƙanensa, wata tana da taswirar tsatsa a baya, wata kuma aljihunta ya yi tafiya ya bar zare. Baƙo yakan ɗauka rowa ce ko talauci, alhali ba ko ɗaya. Al'adarsa ce tun yana saurayi: ba ya mayar wa mutum inji sai ya fara wanke rigarsa ta sawa a ciki. In injin zai yaga, ya yaga tasa. In zai zubar da tsatsa, ya zubar a tasa. An ce wanzami ba ya son jarfa, to wannan wanzamin da kansa yake farawa.

Matarsa ta yi mita har ta gaji. Ta sha ce masa ga tsummoki nan buhu guda, me ya hana ya gwada da su kamar kowane mai gyara? Amsarsa ba ta canzawa.

"Tsumma ba ya tsayar da mutum," in ji shi. "In abin da na sa a ciki bai dame ni ba, zan tafi hira in bar inji yana ɓarna."

Da ta ga ba za ta ci nasara ba, sai ta ɗauki farar rigar da 'yarsu ta ɗinka masa, ita kaɗai ce mai cikakken hannu, ta kulle ta a ƙasan akwatinta. Ta kuma gaya masa ranar da ya taɓa ta, ranar za su raba gari.

Babban mai tsokanarsa a kan rigunan nan shi ne Tsohon Direba, abokinsa da ke zaune a saman benen da ke kallon shagon. Shekara da shekaru, duk safiya in zai fita da motar haya sai ya rage gudu ya leƙo kai ya tambaye shi ko yadin ne bai isa ba, ko tela ne ya gudu da sauran. Baba Mai Inji kuwa ya ce masa ya je ya gyara birkinsa tukuna. Haka suka tsufa. Sai wata rana aka nemi motar aka rasa. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Direba, ya riƙe masa hannu da ƙafa, ya kuma nauyaya harshen da ya fi komai gudu a jikinsa.

Jinya ta koma kan matar Direba, wadda Baba Mai Inji yake kira Yaya don ta girme shi. Wanda ya taɓa jinyar mai kwance ya san abin da zanin gado yake gani. Kullum wanki, wani lokaci safe da yamma. Gidan sama ne, babu tsakar gida, sai 'yar igiya a baranda. Da damina ta kankama, zani ya kwana a igiya ya tashi da danshinsa, ɗaki ya ɗauki warin da turare ba ya kora. An gwada kai wa mai wanki, amma zanin da ake bukata yau ba ya jiran wanda zai dawo da kaya jibi. Sabulu ya cinye hannuwan Yaya, yatsunta suka tsattsage har suna jini, likita ya ce dole ta raba su da ruwa.

'Ya'yansu ba su da mugun nufi, kuma ba za a ce sun yi ba. Sun zauna sun ga abin ya fi ƙarfin tsohuwa, suka yanke cewa babban ɗan zai zo ya ɗauki uban zuwa garin da yake aiki, uwar kuma ta koma wajen 'yarta ta huta, tunda gidan ɗan ba zai ɗauke su duka ba. Wato mutum biyun da suka haɗa kai tun suna da ƙuruciya za a raba su a lokacin da ɗayansu ba ya iya cewa a'a da bakinsa. Yaya ba ta yi musu ba. Ta dai faɗa wa matar Baba Mai Inji, tana kallon ƙasa, cewa babu wanda ya san yadda ake juya mijinta a kan gado ba tare da ya ji kunya ba sai ita.

Baba Mai Inji ya ji labarin a bakin matarsa. Washegari ya hau benen da sunan gaisuwa, aka gan shi yana auna lungun da ke tsakanin ƙofar banɗaki da bango da taƙin hannunsa. Wurin inji ɗaya ne tak. Injin da ke wanki kawai bai warware komai ba, tunda busarwa ita ce rabin wahalar. Abin da ake bukata shi ne inji mai yin biyun, ya wanke ya busar a ganga ɗaya, kuma Baba Mai Inji ya tuna ya taɓa ganin irinsa a filin 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, da ke bayan tasha.

Yana nan kuwa, a kife a gefen tulin tsofaffin firji. Tsohon yayi ne, mai nauyin tsiya, mai ƙofar gilashi kamar idon saniya, irin wanda aka daina yi tun kafin a haifi dillalin da ke sayar da shi. Dillalin ya riga ya ware shi cikin waɗanda za a farfasa da guduma a auna. Da ya ga tsoho yana shafa injin yana juya gangar da hannu yana saurare, sai ya yi masa nasiha tsakani da Allah cewa wannan gawa ce, kada ya wahalar da kansa. Baba Mai Inji ya ce ya ji, ya saya, aka ɗoro masa a kura. Da aka sauke shi a ƙofar shago wani ɓera ya fito daga ciki da iyalansa, mai aski ya ce ai ga masu gidan nan an tashe su ba sanarwa.

Mun yi dariya, kuma ba mu kyauta ba. Shi dai ya sunkuyar da kai ya kama aiki. Ya fitar da gangar ya kankare tsatsarta da samfefa har yatsunsa suka yi sulɓi. Boris ɗin da gangar ke juyawa a kansa ya mutu murus, ya nemo wani. Bel ɗin da ke jan gangar ya zama gari, robar bakin ƙofa ta bushe tana karyewa, kuma babu shagon da ke da irinsu, sai da ya yanko roba ya sassaƙa ta da hannunsa har ta zauna. Wayoyin da ɓeraye suka ci ya bi su ɗaya ɗaya ya sauya. Bayansa yana ciwo, yakan miƙe ya dafa ƙugu ya yi tsaki, sannan ya koma ya durƙusa. Masu kawo gyara ya ba su haƙuri ya ce yana da mara lafiya a hannu.

Ranar da injin ya fara juyawa ya jefa riga, ta fito da jan tsatsa, ya sake kwancewa. Ta biyu ta fito fes daga wanki, muka fara murna. Amma da aka shiga busarwa, yana tsaye da sukudireba a kunne, sai ya shaƙi ƙauri. Ya fizge waya daga bango. Rigar ta fito da baƙin tabo a kafaɗa, tana hayaƙi. Ashe ɗan ƙarfen da ke yanke wuta idan zafi ya yi yawa ya mutu, kuma ba a gane mutuwarsa da ido. Ya daɗe yana kallon rigar. Kowa ya san abin da yake tunani: da tsumma ya jefa a ciki ya tafi hira, ko kuma da ya kai musu injin a haka, wannan wutar a gidan mutumin da ba ya iya tashi ya gudu za ta kama.

Neman wannan ɗan ƙarfen ya ci masa takalmi. Ya zaga filayen gwangwan har ya samo shi a jikin wani injin da ya rage rabi. Kafin ya ɗaura ya daidaita, sauran rigunansa biyu sun bi 'yan'uwansu, ɗaya ta tsuke ɗaya ta yi rawaya. Ga shi an aiko cewa babban ɗan Direba yana tafe a ƙarshen mako da motar da za ta ɗauki uban. Injin ya yi shiru yadda ake so, amma Baba Mai Inji ya ce ba zai hau da shi bene ba sai ya ga farin kaya ya shiga ya fito lafiya. Tela ya miƙa masa yadi ya ƙi. Mai aski ya kawo tawul ya ƙi. Taurin kan nan nasa har ya fara ba mutane haushi.

A safiyar ranar da ɗan zai iso, matar Baba Mai Inji ta hau benen ta kai wa Yaya man shafawa. Ta tarar da ita tana matse zani da gwiwar hannu saboda yatsun sun ƙi lanƙwasuwa. Ba ta daɗe ba ta sauko, ta wuce gida, ta dawo shagon da abu a naɗe a hammata. Ta ajiye a kan benci a gaban kowa.

"Ga ta nan, Malam," ta ce. "In ta ƙone, ta ƙone. Amma ka tsaya a kanta."

Ya tsaya kuwa. Tun daga shigar ruwa har fitarsa bai ɗaga kunnensa daga ƙotar sukudireba ba. Mutanen layin suka taru, har mai aski ya bar mutum da rabin kai ya fito kallo. Gangar ta juya, ta matse, iska mai ɗumi ta fara fita, can sai aka ji ɗan ƙarfen ya yi ƙas ya yanke wuta a kan lokaci. Da ya buɗe ƙofar, rigar ta fito fara sol, busasshiya, ko zare bai motsa ba. Ya saka ta nan take da ɗuminta. Matarsa ta juya baya tana gyara mayafi, wai wani abu ne ya faɗa mata a ido.

Majiya ƙarfin layin suka ɗaga injin suka hau da shi, ya shige lungun kamar don shi aka gina wurin. Kafin la'asar, da babban ɗan ya iso, ya tarar da igiyar baranda babu komai, zannuwa a ninke a kan kujera, uwarsa zaune da hannuwa cikin man shafawa tana ba injin umarni kamar yana ji. Ya zaga, ya taɓa zanin, ya dubi iyayensa. Yaron kirki ne. Ya ce zai kira ƙannensa su sake magana, kuma motar da ya zo da ita ta koma ba kowa a bayanta.

Baba Mai Inji yana shirin sauka sai Direba ya yi masa alama da hannunsa mai lafiya. Ya matso. Direba ya kama bakin hannun farar rigar ya ja, ya yi ta kokawa da harshensa, kowa yana jira.

"Yau dai," in ji shi da ƙyar, "yadin ya isa."

Kai ne wannan, Baba Mai Inji. Kai ne mai jin ciwon ƙarfe da kunne, mai tayar da abin da aka yi wa sallama. Mun ga gajerun hannuwan rigunanka mun yi dariya, ba mu lura ba cewa kowace riga da ta lalace a jikinka kayan wani ne suka tsira. Da tsohuwar zuma ake magani, ka nuna mana haka a kan inji, ka kuma nuna mana a kan mutane biyun da har yau suke ɗaki ɗaya a saman benen can. Mun gode, kuma Allah ya ba bayanka sauƙi, ya saka wa matarka da ta buɗe akwati.

Ku kuma masu sana'a, ko gyara kuke yi ko ɗinki ko gini, ba a ce ku ƙona rigunanku ba. Amma kafin ku miƙa wa mutum aiki ku ce an gama, ku tambayi kanku ko za ku yarda ku fara sa naku a ciki. Wanda yake son ganin yadda ake yi, shagon yana buɗe har ƙarshen wata. Zai gane mai shi da farar riga mai cikakken hannu, don matarsa ta daina kulle ta.