Na Ɗora Batirin Keke a Kan Murhun Banda

A lokacin ni ɗan acaɓa ne a Haɗejiya, matashi mai ji da kansa, ba na tambayar kowa komai a kan inji. Sai wani kamfani da ya samu rancen gwamnati ya fara harhaɗa keke napep mai aiki da lantarki, yana ba matasa su riƙa biya kaɗan-kaɗan. Yayana, wanda sana'arsa kamun kifi ce da bandarsa, shi ya tsaya mini, ya jinginar da gonar fadamar da mahaifinmu ya bar mana. Ranar da na karɓo keken ya ja ni gefe, ya ce in riƙa tunawa shinkafar da gidanmu ke ci daga gonar nan take fitowa.

Da damina ta yi nisa, ruwa ya haye hanyar Kirikasamma. Mu 'yan acaɓa mun saba, ka kutsa kawai, in mashin ya mutu ka kwance fulogi ka busar, ka ci gaba da tafiya. Haka na kutsa da keken, ruwa har kujera, ya mutu a tsakiya. Na ƙudurta a raina cewa muddin kamfani ya ji, gonarmu ta tafi, don haka ko yayana ban faɗa wa ba. Na sa aka turo keken gida, na ciro batirin, na duba sama babu rana. A bayan gida kuwa murhun bandar yayana na ta hayaƙi. Wallahi a tunanina dabara na yi da na ɗora shi gefen kifin don ya bushe.

Ina alwalar la'asar na ji ƙara kamar an fasa dutse. Ban taɓa ganin wuta irin wannan ba, fara fat, tana tsartuwa, muna sheƙa mata ruwa tana daɗa tashi. Yayana ya ga za ta kama ɗakin mahaifiyarmu, ya sa hannu biyu ya janyo batirin. Har yau yatsunsa ba sa lanƙwasuwa, bai sake jefa birgi, ragarsa ta kamun kifi, a kogi ba.

Da makanikin kamfanin ya zo, ya dube ni ya ce da a jiƙe na kawo musu batirin, da sun canza mini, don sun san ƙasarmu ta ruwa ce, amma wanda aka gasa da hannu ba ruwansu. Nan na zauna a ƙasa. Gonar ta tafi, kuma yayana bai taɓa yi mini gori ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

'Yan'uwana masu karɓar kekunan nan, sanin mashin ɗin fetur ba sanin lantarki ba ne. In abu ya lalace, ku faɗa tun yana jiƙe. Ni tsoron a ji ne ya sa yanzu nake ba yayana abinci a baki.