Rawani Ɗaya, Wakilai Biyu

Karam Dad bai taɓa tsayawa takara ba, ko ta kansila, amma shekara arba'in babu wanda ya wakilci mazaɓar Jandwala a majalisar lardin Punjab bai sunkuya a gabansa ba. Marini ne, shagonsa yana tsakiyar kasuwa. Duk wanda ya ci zaɓe, kafin ya wuce Lahore, babban birnin lardin, sai ya zo Karam Dad ya naɗa masa rawani wanda ya sha sitaci, da zanko a tsaye kamar na zakara.

Wakilai shida ya naɗa, kuma da kawunansu yake tuna su. Malik Sarfaraz na farko, kai ne da shi kamar tulu, shi ya kawo gada. Ɗansa ya gaje shi, bai kawo komai ba sai tumbi. Akwai lauya mai sanƙo wanda rawani ke zame masa. Akwai kuma Bibi Sardaran, da ta ce ita ma sai an naɗa mata. Gari ya ɗauki surutu, shi kuwa ya naɗa abinsa.

Sai aka yi ƙidaya, aka sake shata iyaka, aka soke mazaɓar. Mutanen ofis ba su san kan gari ba, wallahi, layinsu ta tsakiyar kasuwa ya bi: gabas ta faɗa wata mazaɓa, yamma wata. Abin ya yi wa tsohon ciwo ƙwarai.

"Baban Nasrin, kana ɓarnar sitaci," in ji matarsa Rasulan da zaɓe ya matso. "Wa zai zo?"

"Ko ɗaya ne ya tuna da mu."

Ya rina guda ɗaya, kamar kullum.

Washegarin sakamako da hantsi ya ji ganguna daga gabas. Zuciyarsa ta yi fari, ya fito yana rawar jiki. Kafin ya gama murna sai ga wasu gangunan daga yamma. Chaudhri Ilam Din wanda ya ci gabas da jama'arsa, Rana Tufail wanda ya ci yamma da tasa, kowa wuya cike da furanni, suka yi kiciɓis a ƙofar shago. Rawani kuwa ɗaya tal. Wanda duk aka bari kai ba naɗi, an ci mutuncin rabin gari ke nan, ga samari sun fara gyara riƙon sanduna.

"A raba shi biyu mana, Baba," in ji wani.

"Rufe mana baki," in ji Karam Dad. "A gidanku ake yaga rawani?"

Ya naɗa wa Chaudhri sabon, 'yan gabas suka ɓarke da shewa. Fuskar Rana ta haɗe. Sai Karam Dad ya kai hannu kansa ya warware nasa, tsoho, ya koɗe, duk shatin gumi. Tun yana saurayi ba wanda ya taɓa ganin kansa a waje. Kowa kuwa a kasuwar ya sani, wanda ka cire rawaninka ka naɗa wa ya zama ɗan'uwanka har mutuwa.

Rana ya sunkuya, idonsa ya kawo ruwa. Da ya ɗago ya rungume tsohon ya ce, "Yaya." Gangunan biyu suka haɗu, Rasulan tana kuka tana dariyar furfurar mijinta.

Chaudhri ya shafa sabon rawaninsa, ya matso kusa da kunnen Karam Dad.

"Baba," ya ce a hankali, "ba ka da wani tsohon a ciki?"